3.4 Sharhi a Kan Tsarin IDEA Wajen Koyar da Auna Ɗorewar Gonakin Oganik

A wannan sashe za a yi nazarin tsarin da ake kira IDEA, wanda aka samar a ƙasar Faransa bisa buƙatar ma'aikatar aikin gona, domin koyar da ɗaliban makarantun noma yadda ake auna ɗorewar gona. An fara buga shi a shekarar 2000 ƙarƙashin jagorancin Lionel Vilain, bugu na uku kuma ya fito a 2008 ɗauke da ma'aunai 42. A kan wannan bugu na uku sharhin zai fi mayar da hankali. Abin da ake son ganowa shi ne, shin tsarin yana koya wa ɗalibi tantance gonar oganik, wato wadda ba a sa mata takin zamani ko maganin feshi na kamfani, ko kuwa tara mata maki kurum yake koya masa?

Tsarin ya kasa ɗorewa gida uku: lafiyar ƙasa da muhalli, zamantakewar manomi da yankinsa, sai kuma tattalin arzikin gonar. Kowane kashi yana da maki 100. Ɗalibi zai zauna da manomi ya yi masa tambayoyi, ya duba littattafan lissafinsa, sannan ya ba da maki. Babban abin yabo a nan shi ne ba a tara makin kasusuwan uku a raba. Kashin da ya fi ƙarancin maki shi ne matsayin gonar. Alal misali, gonar da ta sami 85 a muhalli amma 40 a tattalin arziki, matsayinta 40 ne. Lamarin kamar duwatsun murhu ne, in ɗaya ya gaza tsawo tukunya ba ta zama. Da wannan ɗalibi zai fahimci cewa takardar shaidar oganik ba ta biyan bashin banki, kuma gonar da magaji ya ƙi karɓa ba ta ɗore ba.

Sai dai kuma akwai rauni. Yawancin ma'aunan suna duban abin da manomi yake aikatawa ne, ba sakamakon da aikin ya haifar ba. Ana ba da maki saboda yawan nau'o'in amfanin gona, da sauya shuka, da rage feshi, alhali ba a ɗebi ƙasa ko ruwa an gwada ba. Waɗannan kuwa su ne ayyukan da manomin oganik ya saba yi tun asali. Saboda haka gonarsa kan sami maki mai yawa cikin sauƙi, ɗalibi kuma ya ɗauka ya gano wani abu, alhali ƙa'idar noman ce ya sake karantawa da alƙaluma.

Haka kuma, ma'aunai irin su rarar naitirojin da yawan makamashi a kan kowace hekta ake lissafa su. Nazarin Seufert da abokan aikinta na shekarar 2012 ya nuna cewa amfanin da gonar oganik ke bayarwa kan gaza na sauran gonaki da kashi 5 zuwa 34 cikin ɗari, gwargwadon irin shuka da yanayi. Ke nan idan aka mayar da lissafin a kan kowane tan na alkama, tazarar da aka gani a hekta tana iya raguwa ko ta ɓace. Ɗalibin da bai taɓa yin lissafin ta fuskokin biyu ba, rabin darasin ya samu.

Wurin da raunin ya fi fitowa fili shi ne iyakar gona. Tsarin ya ɗauki gona ɗaya a matsayin abin awo, amma taki ba ya tsayawa a kan iyaka. Nowak da abokan aikinsa sun bincika gonakin oganik 63 a Faransa a 2013, suka tarar cewa kashi 23 cikin ɗari na naitirojin da ke shiga gonakin, da kashi 73 na fosfaras, da kashi 53 na fotasiyam, daga gonakin da ba na oganik ba suka fito, galibi ta hanyar kashin dabbobi da takin da aka sayo. Wato wani ɓangare na albarkar gonar aro ne daga maƙwabcin da ke zuba takin zamani. Ɗalibin da ya tsaya ga cike takardar maki zai wuce bai tambayi inda motar takin ta taso ba.

Akwai kuma batun jan ƙarfe, wanda dokar oganik ta yarda a fesa wa inabi domin maganin cutar ganye. Yana taruwa a ƙasa, yana kuma cutar da tana, shi ya sa daga 2019 Tarayyar Turai ta ƙayyade shi ga kilo 28 a hekta cikin shekaru 7. Tarin shekaru irin wannan ba ya bayyana a hirar yini guda.

Bugu na huɗu, wanda ya fito a 2023 da ma'aunai 53, ya ƙara wata fuska ta biyu mai siffofi biyar, ciki har da dogaro da kai da kuma alhakin gona a kan duniya baki ɗaya. Wannan ya buɗe ƙofar tambayar asalin taki, amma malami ne zai tura ɗalibi ya bi sawunsa har gonar da ya fito.