Bango a Cikin Littafi: Zane-zanen Diego Rivera ga Mai Karatu na Tasawa da Mayahi

Littafin da Andrea Kettenmann ta rubuta game da Diego Rivera, wanda maɗaba'ar Taschen ta buga, ƙarami ne mai cike da hotuna masu launi. Yana bin rayuwar wannan mai zane na ƙasar Meziko tun haihuwarsa a Guanajuato a 1886 har rasuwarsa a 1957. Tarihin ya fito sarai: shekarun da ya yi a Turai daga 1907, zamansa a Paris, da ziyarar Italiya inda ya nazarci dabarar shafa launi a kan ɗanyen yaɓen farar ƙasa, ta yadda launin zai bushe tare da bangon.

Daga komawarsa gida a 1921 labarin ya fara shafar malamai. Ministan ilimi José Vasconcelos ya buɗe wa masu zane bangayen gine-ginen gwamnati, domin akasarin talakawa ba su iya karatu ba, amma kowa yana iya duban bango. Tsakanin 1923 da 1928 Rivera ya ƙawata ma'aikatar ilimi da zane fiye da 100. A cikinsu akwai na malamar ƙauye: mace zaune a ƙasa, littafi a hannu, yara da manya da tsofaffi sun kewaye ta a fili, babu aji, babu allo, ga kuma wani mahayi riƙe da bindiga yana gadinsu. Duk malamin da ya taɓa koyarwa a rumfar zana a karkarar Mayahi zai gane wannan zama.

Sai dai littafin yana da tawaya wadda ba laifin marubuciyar ba ce. Aikin da aka yi don mutum ya tsaya gabansa ya ɗaga kai, an matse shi cikin shafin da bai wuce tafin hannu biyu ba. Tarihin Meziko da Rivera ya shimfiɗa a matakalar fadar ƙasa daga 1929 zuwa 1935 kan koma cunkoson kawuna a takarda. Bahaushen da ya san zayyanar magina a soraye irin na unguwar Birni a Damagaram ya san adon bango da girmansa yake magana.

Shi ma Rivera ba a rasa abin cewa a kansa. Manomansa sau da yawa kamanninsu ɗaya ne, kamar jama'a yake gani, ba mutum ba. Zamanin Aztek kuwa ya yi masa kwalliya fiye da kima, ya kuma zana Cortés, jagoran mamayar Sifaniyawa, a karkace kamar dodo. Ɗan kwaminis ne, bai ɓoye ba. Hoton Lenin da ya ƙi gogewa ya sa aka farfashe aikinsa na Cibiyar Rockefeller a New York a 1934.

Ƙasar Tasawa ba ta rasa nata labarin mamaya ba. A Dankori aka harbe Kanar Klobb a watan Yuli na 1899, a Maijirgi kuma kaburburan Voulet da Chanoine suke, bayan garuruwan da ayarinsu ya ƙone. Ƙungiyar al'adun da ta ɗauki wannan littafi ta zauna da magina da ƴan makaranta, za ta tarar da tambaya tana jiranta: wa zai zana wannan shekara, a bangon wace makaranta, kuma fuskokin su wa za a sa gaba?