Kogunan Maitama da Yaron da Ya Iya Karanta Taswira

Duk wanda ya saba zirga-zirga a Maitama ya san hedikwatar hukumar zaɓe ta ƙasa tana kan titin Zambezi. Kaɗan ne ke tsayawa su tambayi kansu ko mene ne Zambezi ɗin. Waɗanda suka tsara Abuja sun raɗa wa titunan wannan unguwa da dama sunayen koguna da tafkuna: ga Nilu, ga Amazon, ga Misisipi da Danub, ga Furatu da Dijla da muka sani a littattafan tarihin Musulunci, ga namu na gida irin su Yedsaram, Katsina-Ala, Usuma da Tafkin Chadi. Direban tasi ya haddace su don ya kai fasinja. Amma akwai wani ɗalibi a kujerar baya da yake ganin ruwa yana gudu a duk allon da aka wuce, kuma shi ne nake son mu yaba wa yau.

Irin wannan yaro ake nema a gasar labarin ƙasa. Mutane da yawa suna ɗauka gasar ta hadda ce, a tambaye ka babban birnin wata ƙasa ka faɗa, a tafa maka. Haddar tana da amfaninta, sai dai ƙofar gida ce kawai. Babbar gasar duniya ta wannan fanni, wadda aka fara a birnin Hague na ƙasar Holan a 1996, tana karɓar ɗalibai huɗu daga kowace ƙasa, 'yan shekara 16 zuwa 19, kuma jarrabawarta kashi uku ce: ta rubutu, ta hotuna da taswirori, sai ta fita fili. A wannan ta ukun ake gane gwani. A kai ka unguwar da ba ka taɓa takawa ba, a ce ka zagaya, ka lura, ka zana taswirarta, ka kuma faɗi matsalarta da yadda za a magance ta.

Ba sai an je Turai za a ga wannan gwaninta ba. Tana nan cikin jarrabawar WAEC, a sashen karanta taswira da ɗalibai da yawa ke tsoro. Ka zauna kusa da yarinyar da ta iya, ka ga aiki. Kafin ta taɓa biro sai ta duba ma'aunin taswirar. In ta ga 1:50,000, ta san santimita biyu a takarda kilomita ɗaya ne a ƙasa. Aka tambaye ta tsawon kogi mai lanƙwashe-lanƙwashe, sai ta ciro zare daga aljihu, ta danne bakinsa da farce, ta bi kowace kwana a hankali kamar mai ɗinkin hula, sannan ta miƙe shi a kan rula. Santimita tara, kilomita huɗu da rabi ke nan.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take karanta siraran layukan nan masu ruwan ƙasa da ke nuna tsayi. A idon wanda bai sani ba, zane ne kawai ya cakuɗe. Ita kuwa in ta ga sun matsu da juna ta san hawa ne mai tsauri, in sun yi tazara ta san fili ne shimfiɗaɗɗe. Inda suka tsallaka kogi suna yin tsini, kuma tsinin yana nuna wajen da ruwan ya fito, don haka ko ba kibiya ta san inda ya dosa. Daga nan za ta gaya maka dalilin da ya sa ƙauye ya zauna a gindin tudu bai sauka fadama ba, da dalilin da ya sa hanya ta yi zagaye. Takarda ce a gabanta, amma tudu da kwari take gani.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a wajenmu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya buɗe littafinsa Infaƙul Maisuri da bayanin ƙasashen wannan yanki, kuma da Baturen Birtaniya Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, ya koma da taswirar da aka zana masa a can, aka buga ta a Landan a 1826. Fataken da suka yi ta kai-komo tsakanin Kano da Gwanja su ma sun san inda mashigi yake da inda rijiya take.

Yaron Maitama ya samu abin da da yawa ba su samu ba. Daga unguwarsu yana hango Dutsen Aso, yana ganin yadda tituna ke hawa da gangara, kuma ruwan da yake sha daga madatsar Usuma ake turo shi. Malami ɗaya mai kishi zai iya ɗaukar ajinsa da safiyar Asabar, su bi titi-titi, kowane allo a tambaya: wannan kogin daga ina ya taso, ina ya zuba, su wa ke noma a bakinsa?

Kirana ga shugabannin makarantun Abuja, na gwamnati da masu zaman kansu, shi ne su riƙa haɗa ɗalibansu gasar labarin ƙasa ko sau ɗaya ne a shekara, su sa fita fili a ciki. Iyaye kuma, a saya wa yara littafin taswira a ajiye a falo inda hannunsu zai kai.