Bita: Littafin Itacen Oak da Darasinsa ga Mutanen Sokode da Dapaong

William Bryant Logan ɗan Amurka ne mai sana'ar kula da itatuwa a birnin New York. A shekarar 2005 kamfanin W. W. Norton ya buga littafinsa mai suna Oak: The Frame of Civilization, inda ya bi tarihin mutanen Turai da Amurka ta kan itace guda. Hujjarsa ita ce, oak bai fi sauran itatuwa tsayi ko tsawon rai ba, amma ya fi su juriya da amfani. Da 'ya'yansa mutanen farko suka yi abinci, da ɓawonsa majema suka jeme fata, daga ƙullutun da ƙwari ke haddasawa a jikinsa aka haɗa tawada. Da katakonsa aka ɗaura rufin zauren Westminster a Landan, aka kuma ƙera jirgin yaƙin Amurka, Constitution, a 1797.

Inda littafin ya fi ratsa ni shi ne wajen masu haɗa ganga. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai haɗa ganga sai ya bar tsagin katakonsa a fili shekara 2 zuwa 3, rana ta buga, ruwa ya wanke, kafin ya taɓa shi. Sannan ya fere kowane tsagi, tsakiya da faɗi, bakuna a tsuke. Ya jera su cikin zoben ƙarfe, ya hura wuta a tsakiya, yana yayyafa ruwa, har su yi laushi su rungumi juna. Ba ƙusa, ba gam, kuma ko ɗigo ba ya zuba. A yau masu giyar inabi ne suka riƙe sana'ar, domin katakon na shigar da iska kaɗan-kaɗan yana kuma ba da ƙamshi. Gangar Bordo a Faransa lita 225 take ci. Musulmi ba ruwansa da abin da ke ciki, amma ya dace ya san cewa ganga ta ɗauki ruwan sha da gari da kifi da albarushi ƙarni bayan ƙarni, har ɗanyen mai da ita ake auna shi, lita 159.

Logan ya iya labari, kuma yana girmama mai aikin hannu. Ba ya ɗaukar masassaƙi a matsayin ɗan kallo a tarihi; a wurinsa gatari da gizago ilimi ne. Rauninsa biyu. Yakan yi tsalle daga batu zuwa batu har mai karatu ya nemi zaren. Sannan wayewar da sunan littafin ya ambata ta ƙasashen sanyi ce kawai.

Mu tamu ajiyar yumɓu da ƙwarya ne suka riƙe ta. Rumbunan ƙasa da ke cikin kogunan dutsen Nok, kusa da Dapaong a ƙasar Togo, shaida ne. Amma muna da itatuwan da suka ɗauki rayuwa kamar yadda oak ya yi: kaɗanya mai man girki, ɗorawa mai daddawa, bagaruwar majema, da madobiya da masassaƙa ke so. A Sokode, inda fataken goro suka riƙa yada zango tsakanin Kano da Gwanja, Jamusawa sun dasa itacen tik a farkon ƙarni na 20, ya kuma karɓu. Madobiya kuwa sara ya yi mata yawa saboda kasuwar ƙasar Sin, har gwamnatin Togo ta hana sare ta da fitar da ita na shekara 10 tun daga 2016. A kwatanta da dajin Tronçais na Faransa, wanda minista Colbert ya tsara a 1670 domin katakon jiragen ruwa, kuma har yau masu ganga na sayen itace daga can. Masu dasawar sun san ba su ne za su sare ba.

Littafin da Turanci yake, amma ya cancanci karatu, musamman ga malaman gandun daji da ɗaliban tarihi. Kirana ga marubutanmu shi ne su zauna da dattawan masassaƙa da majema da mata masu kaɗe, su rubuta wa itatuwanmu irin wannan littafi da Hausa tun masu ilimin suna raye.