Damina ɗaya ba ta isa a yanke wa shuka ba huɗa hukunci ba

Duk wanda ke bibiyar gonakin gwaji a Gwarzo da Kabo ya san yadda abin yake tafiya. A raba fili biyu, a huɗe ɗaya da garma, ɗayan a yi masa feshin ciyawa a shuka kai tsaye. Da kaka a tara manoma, a auna buhuna, a ce wannan ya fi wancan. Shi ke nan an rufe zance. Matsalar ita ce, ƙasa ba ta ba da amsa cikin wata huɗu.

Hukumar FAO ta ɗora irin wannan noma a kan sharuɗɗa uku: rage motsa ƙasa, rufe aƙalla kashi 30 cikin 100 na fuskarta da ragowar amfani, da sauya abin da ake shukawa. A 2015, Cameron Pittelkow da abokan aikinsa sun wallafa nazari a mujallar Nature wanda ya tattara bincike 610 daga ƙasashe 63. Sun gano cewa a jimlace barin huɗa yana rage yabanya da kashi 5.7 cikin 100. Amma a wuraren da ruwa ke da ƙaranci, idan aka cika sharuɗɗan uku, yabanya kan ƙaru.

Me ya sa ake buƙatar lokaci? A shekarun farko, ƙananan halittun da ke ruɓar da kara sukan riƙe naitirojin, sai masara ta yi ɗorawa-ɗorawa. Ciyawa kuma takan yi ƙarfi, tunda babu garmar da za ta binne ta. Amfanin da ake nema, wato riƙe danshi da raguwar zaizaya, a hankali yake zuwa. Ga shi kuma damina ba ta maimaita kanta: shekarar da ruwa ya ɗauke a Yuli za ta fifita gonar da aka rufe, shekarar ambaliya kuwa kunya ce za ta ceci saiwa.

Akwai kuma abin da awon buhu ba ya nunawa. A wannan yanki kara dukiya ce: abincin shanu ne, danga ce, makamashi ne. Harawa kuwa kuɗi ce a hannu. Abin da aka bari a gona, dabbobi da gara za su raba kafin Mayu. Tun 2009 Ken Giller da abokansa suka yi wannan gargaɗi game da ƙananan manoman Afirka. Gwajin da aka killace da waya bai amsa tambayar manomin da gonarsa take a buɗe duk rani ba.

A ganina, kada KNARDA ko Cibiyar Noman Tsandauri ta BUK su amince da sakamakon da bai kai damina huɗu zuwa biyar a gona ɗaya ba, domin a kewaya masara da waken suya ko wake sau biyu. A kuma rubuta kuɗin feshi, kwanakin ƙwadago da farashin karan da aka bari. Manomin da ya sayar da shanun huɗarsa saboda sakamakon damina ɗaya, shi kaɗai zai ɗauki asarar idan ta biyu ta juya.