Jinjina ga Masu Ɗaukar Rayuwar Masu Zane a Fim

Zanen da ke rataye a bango ba ya faɗa maka wanda ya ranta wa mai shi kuɗin fenti, ko abokan da yake musu da su har tsakar dare. Masu shirya fina-finan gaskiya ne ke tono mana wannan, aikin kuwa sai mai haƙuri. Mai zane ba ya son a tsaya masa a ka. Sai an daɗe ana lallashi kafin a kafa kyamara a ɗakin aikinsa, sannan a yini ana jira.

A 1950, a Amurka, mai ɗaukar hoto Hans Namuth ya shiga ƙarƙashin gilashi yana ɗaukar mai zane Jackson Pollock na zuba fenti daga sama. Wannan shi ne naci!

Amma ni Emile de Antonio ya fi burge ni. A fim ɗinsa Painters Painting ya bi masu zanen New York, irin su Willem de Kooning da Andy Warhol, har da dillalin zane Leo Castelli, ya bar kowa ya yi magana da bakinsa. Su ukun duk sun mutu, amma ɗalibin zane na yau zai ji yadda kowannensu yake kare aikinsa.