Titi Ba Mota da Makomar Ƙaramin Ɗan Kasuwa: Sharhi a kan Ra'ayin Victor Gruen

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a auna wani ra'ayi da ya yi tashe a fagen tsara birane, wato cewa hana motoci shiga babban titin kasuwancin birni yana farfaɗo da cinikin masu kantuna. Wanda ya fi yayata wannan ra'ayi a Amurka shi ne Victor Gruen, mai zanen gine-gine, haifaffen birnin Biyana, wanda ya yi hijira zuwa Amurka a 1938, ya kuma tattara hujjojinsa a littafinsa mai suna The Heart of Our Cities a 1964. Za mu dubi ra'ayin ne ta fuskar mutum guda da ba a cika waiwayarsa ba, wato mai ƙaramin kanti wanda haya yake yi.

2.0 Hujjar Gruen

A ganin Gruen, mota ce ta shaƙe tsakiyar birni, ta cika shi da hayaƙi da hayaniya, har masu saye suka ƙaurace masa suka koma manyan rukunonin kantuna na bayan gari. Abin mamaki kuwa, shi da kansa ne ya zana irin waɗannan rukunoni, alal misali Southdale da aka buɗe a jihar Minesota a 1956. Maganin da ya kawo shi ne a kwaikwayi wannan tsari a cikin gari: a zagaye tsakiyar birni da hanyar mota, a gina wuraren ajiye motoci a gefenta, a bar cikin ga masu tafiya da ƙafa.

3.0 Abin da ya biyo baya

Garin Kalamazu na jihar Mishigan ne ya fara gwada wannan shawara a Amurka, inda aka rufe wani ɓangare na titin Burdick a 1959. Garuruwa kimanin 200 suka bi sahu. To amma galibinsu sun janye daga baya. Kalamazu ta mayar da motoci wani sashe na titin a 1998, Shikago ta sake buɗe titin State a 1996 bayan ta taƙaita shi tun 1979, Firesno kuma ta buɗe titin Fulton a 2017, wanda ta rufe tun 1964.

Masu kare Gruen sukan ce ai ba a aiwatar da shirinsa dukansa ba, domin a Kalamazu titin kawai aka rufe, ba a gina hanyar zagayen ba. Wannan gaskiya ne, amma bai warware matsalar ba. Kuskuren da ke cikin ra'ayin shi ne ɗaukar alamar ciwo a matsayin ciwon kansa. Masu saye ba don cinkoso kaɗai suka bar tsakiyar birni ba, gidajensu ne suka koma bayan gari. Titin da babu mazauna kusa da shi, in an kori mota, babu wanda zai taka shi. Shi ya sa inda tsarin ya ɗore, kamar titin Pearl na Boulder daga 1977 da titin Church na Burlington daga 1981, za a tarar akwai jami'a kusa, wato masu tafiya da ƙafa suna nan tun kafin a rufe titin.

4.0 Illar nasara

Har ila yau, ko inda aka yi nasara, ƙaramin ɗan kasuwa bai tsira ba. A 1962 aka rufe Strøget, babban titin kasuwancin Kofanhagen a ƙasar Denmak, duk da adawar masu kantuna, kuma jama'a suka yi ta tururuwa zuwa wurin. Sai dai yawan jama'a yakan jawo tsadar haya, tsadar haya kuwa babban kamfani ne ke iya ɗaukarta. A yau kantunan manyan kamfanonin duniya ne suka fi yawa a wannan titi. Ke nan ribar rufe titi takan fara sauka a aljihun mai gini kafin ta isa ga ɗan haya. Daɗin daɗawa, ba kowace sana'a ce tsarin ya dace da ita ba. Mai gidan abinci yana murna, amma mai sayar da kujeru ko kayan gini, wanda sai da mota ake kawo masa kaya a kuma kwashe, shi kuka yake yi. Gruen ya auna lafiyar birni da yawan ƙafafun da ke wucewa, bai tsaya ya tambayi hannun wa kantin yake ba bayan shekara goma.

5.0 Kammalawa

Ba mu ce ra'ayin Gruen ba shi da amfani ba, domin ya yi daidai da ya ce birni na mutane ne kafin ya zama na motoci. Abin da muke cewa shi ne, rufe titi ba ya haifar da masu saye, waɗanda suke nan kawai yake yi wa hidima. Saboda haka kafin hukuma ta ɗauki irin wannan mataki, wajibi ne ta san mutum nawa ke zaune kusa, yadda za a riƙa sauke kaya, da kuma abin da zai hana haya korar waɗanda aka ce domin su aka yi aikin.