Matsalar Laƙaba wa Siffofin Igiyar Lantarki Suna a Hausa

Gidajen rediyo sun daɗe da ba mu "gajeren zango", kuma kalmar ta zauna daram, domin Bakano ya san zango tun zamanin da ayarin fatake ke tashi daga Kasuwar Kurmi. To amma zango tsawon igiyar lantarki yake aunawa, bai ce kome game da siffarta ba.

Siffofi huɗu ne suka fi shahara. "Mai haƙoran zarto" ya dace, domin igiyar takan hau sannu a hankali, sannan ta faɗo gaba ɗaya. "Mai kusurwa uku" ma ba laifi, hawanta da saukarta daidai suke. Wadda wutar gida ke bi, mai kewayawa sau 50 a daƙiƙa, a kira ta "mai tafiyar igiyar ruwa".

Inda gizo ke saƙa shi ne "mai murabba'i". Wannan fassara zane kawai ta bi. Ɗalibi zai nemi gefe huɗu daidai wa daida, alhali ƙarfin wutar tsalle yake yi tsakanin matakai biyu, rabin lokaci a sama, rabi a ƙasa. A ganinmu "mai mataki biyu" ya fi.

Wannan ba gardamar malamai kaɗai ba ce. Inbata mai fitar da irin wannan igiya takan sa fanka gurnani, injinta ya ɗau zafi. Magidancin da ba shi da sunan abin, da me zai tambayi mai shago? Saboda haka wajibi ne suna ya bayyana motsin wutar, kamar yadda zango ya bayyana tazara.